Mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa

Akwai wani tsohon fim da na fara kallo a kaset tun ina yaro, na kuma yi ta maimaita shi har na haddace maganganun da ke cikinsa. A tsakiyarsa akwai inda wata dattijuwa take zaune a bakin tebur tana yi wa ɗanta faɗa, shi kuwa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Shekara da shekaru na ɗauka su biyu ne kaɗai a ɗakin, kuma a kan wannan fahimta na ɗora duk abin da nake tunani game da labarin. Ranar da na fara saka fim ɗin a faifan Blu-ray sai na ga ashe akwai mutum na uku. Mijinta ne, yana tsaye a bakin ƙofa can ƙarshen allo ta hannun dama, riƙe da hularsa, yana jin duk abin da ake faɗa, bai shigo ba kuma bai tafi ba. Na tsayar da fim ɗin, na mayar da shi baya, na sake kallon wurin har sau uku, sannan na gane cewa faɗan da ake yi wa ɗa rabinsa na uban ne, domin wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Abin da ya ɓoye mini wannan mutum ba wani sirri ba ne. Tun daga shekarar 1953, lokacin da kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope, aka riƙa ɗaukar finafinai da yawa da hoto mai faɗi ƙwarai, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, alhali allon tsohuwar talabijin ma'auninsa huɗu ne a kan uku, wato bai yi nisa da murabba'i ba. Don a cika wannan allo, masu juya fim zuwa kaset sukan yanke gefe da gefe, su bar inda suke ganin can ne labari yake, kuma a fim mai faɗin 2.35 a kan 1 abin da ake zubarwa ya haura kashi 40 cikin ɗari na hoton. Ko da DVD ya zo, an riƙa fitar da wasu finafinai a bugu biyu, mai cika allo da mai baƙaƙen layuka sama da ƙasa, ni kuwa mai cika allo na zaɓa, saboda a lokacin ina ganin baƙaƙen layukan nan aibi ne, ban san cewa su ne shaidar ba a taɓa hoton ba. Daga ranar da na ga mutumin nan na bakin ƙofa ra'ayina game da hoto mai inganci ya sauya. Na daina auna shi da yadda yake ƙyalli, na koma auna shi da kusancinsa da abin da darakta da mai ɗaukar hoto suka ga dama a gani.

Duk da haka lissafin ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto yana da muhimmancinsa, kuma na bi matakansa ɗaya bayan ɗaya da idona. Faifan VCD yana ɗauke da ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsayi a tsarin PAL, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren nuna hoto a talabijin, kuma ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, shi ya sa kullum sai an tashi an canza faifai ana tsaka da labari. DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, ya kai 720 da 576, jimilla ɗigo 414,720, kuma a wancan lokaci na rantse ba za a taɓa samun abin da ya fi shi ba. Blu-ray ya zo a 2006 da 1920 da 1080, wato ɗigo 2,073,600, ninki biyar ke nan cif. Dalilin da faifai mai girma ɗaya ya iya ɗaukar gigabait 25 ko 50 maimakon 4.7 ko 8.5 shi ne hasken leza da ke karanta shi: na DVD ja ne mai zangon nanomita 650, na Blu-ray kuwa shuɗi ne mai gajeren zango na 405, don haka yana iya karanta rubutun da ya fi ƙanƙanta kuma ya fi cunkushewa. Ban yi gaggawar saye ba, domin akwai faifan HD DVD na kamfanin Toshiba da ke takara da shi, sai da kamfanin finafinai na Warner Bros. ya koma ɓangaren Blu-ray a watan Janairun 2008, Toshiba ya janye a watan Fabrairu, sannan na san inda zan dosa.

Akwai wani gyara da Blu-ray ya kawo wanda kunne ne ya fara gane shi kafin ido. Fim ana ɗaukarsa ne da hotuna 24 a kowane sakan, amma talabijin ta tsarin PAL da 25 take aiki, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a ɗan ƙara wa fim gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fim na awa biyu sai ya ƙare da ragin kusan minti biyar, kuma idan ba a gyara sautin ba, muryoyi da kiɗa duk sukan ɗan yi sama. Da na ji muryar dattijuwar nan a gudunta na asali, sai na ji ta fi nauyi, ta fi gajiya, kalmominta suna fita a hankali kamar na wadda ta daɗe tana haɗiye magana.

Kuskure mafi girma da na yi ya zo ne bayan na sayi sabuwar talabijin. Na kafa ta, na kunna, na bar ta yadda ta fito daga kwali, kuma na yi watanni ina kallo a haka ina jin wani abu bai yi mini daidai ba, amma na rasa sunan da zan ba shi. Hoton tar yake, launuka suna walƙiya, sai dai finafinan da na sani suna da kwarjini sun koma kamar an ɗauke su da kyamarar ɗaukar labarai. Idan mutum ya ratsa ɗaki sai in ga yana sulalewa kamar a kan santsi, kuma katangar da aka gina don fim sai ta fito fili cewa katako ce da fenti. Na zargi faifai, na zargi na'urar da ke karanta shi, har na canza wayar HDMI, wadda ke haɗa na'urar da talabijin, da wata mai tsada, wanda hakan bai ƙara komai ba, domin wannan waya lambobi take kaiwa, kuma muddin tana iya kai su lafiya, mai araha da mai tsada hoto ɗaya suke bayarwa.

Daga baya na gano cewa talabijin ɗin ce take ƙirƙiro hotunan da ba a taɓa ɗauka ba. Tana duba hoto na ɗaya da na biyu, ta yi hasashen inda kowane abu ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta zana nata ta cusa, har 24 ɗin nan su koma 60 ko 120. Ga wasan ƙwallo wannan dabara tana da amfani, tun da ana so a bi ƙwallo da ido ba tare da ta ɓace ba. Ga fim kuwa ɓarna ce, saboda a al'adar ɗaukar fim kowane hoto yakan sha haske na kusan kashi ɗaya cikin 48 na sakan, wanda ke barin ɗan dishi-dishi a jikin duk abin da ke motsi, kuma da wannan dishi-dishin aka tsara tafiyar kyamara da faɗa da rawa da komai. Ba ni kaɗai abin ya dama ba. A watan Disambar 2018 jarumi Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fitar da gajeren bidiyo suna roƙon masu kallo su kashe wannan saiti, sannan a 2019 ƙungiyar UHD Alliance ta sanar da Filmmaker Mode tare da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan, wanda da maɓalli ɗaya yake kashe irin waɗannan ƙare-ƙare. Abin takaici shi ne kowane kamfani da sunan da ya laƙaba wa saitin a talabijin ɗinsa, kuma yawanci a kunne yake zuwa, don haka mutum sai ya yi ta laluben rimot kafin ya same shi.

Da na kashe shi sai na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Saitin kaifin hoto na mayar da shi ƙasa, bayan na lura cewa ba ya ƙaro wani bayani, farin zare kawai yake zagaya wa gefen kowane abu, ta yadda kafaɗar mutum mai baƙar riga takan fito da wani haske kamar an bi ta da alli. Launi shi ya fi ba ni wahala. Ma'aunin farin da ake gyara finafinai a kansa yana kusa da 6500 a ma'aunin kelbin da ake auna ɗumi ko sanyin launi da shi, amma masu ƙera talabijin sukan karkata shi zuwa shuɗi don ta ɗauki ido a cikin hasken ɗakin sayarwa. Ranar da na koma saitin da ya dace sai na ga komai ya yi rawaya-rawaya kamar tsohuwar takarda, har na kusa mayar da shi yadda yake. Na daure na kwana uku, idona ya saba, da na sake gwada tsohon saitin don kwatanci sai na ga fuskokin mutane sun yi fari-fat da shuɗi kamar waɗanda sanyi ya kama. Tun daga nan ban sake komawa ba.

Batun da na fi zafi a kansa shi ne ɓarɓashin fim. Duk fim ɗin da aka ɗauka a zaren fim, hotonsa yana samuwa ne daga ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa da haske ya taɓa, kuma ƙwayoyin ba sa zama wuri ɗaya daga wannan hoto zuwa na gaba, shi ya sa idan aka matso kusa ake ganin allo yana ɗan motsi kamar yashi mai laushi. A kaset da VCD ba a ganin wannan, domin dishi-dishinsu ya haɗiye shi. Da Blu-ray ya bayyana shi, mutane da yawa suka ɗauka datti ne, wasu kamfanoni kuma suka bi son ransu suka riƙa goge shi da kwamfuta. Na taɓa sayen wani bugu na fim ɗin da nake ƙauna wanda aka yi wa irin wannan aika-aika, kuma har yau ina jin zafin abin. Jarumin dattijo ne mai tamoji a goshi da furfura a gemu, amma a wannan faifai fuskarsa ta koma sumul kamar ta 'yar tsanar roba, saƙar rigarsa ta ɓace, ciyawar da ke bayansa ta zama kore guda kamar an shafa da buroshi. Kwamfuta ba ta iya raba ƙwayar fim da ramin gashin fatar mutum, don haka idan ta share ɗaya sai ta tafi da ɗayan. Bayan wasu shekaru aka sake fitar da fim ɗin daga asalin zarensa ba tare da wannan gogewa ba, sai ga tamojin ya dawo, ga zufa tana taruwa a cikinsa.

Irin wannan bugu na biyu shi ne ya sa nake girmama masu aikin farfaɗo da tsofaffin finafinai. Fim na awa biyu hotuna 172,800 ne, kuma kowane ɗaya sai an ɗauke shi da na'ura daga zare mai faɗin milimita 35, a cire ƙura da karce, a gyara launin da ya koɗe, a kuma san inda za a tsaya kada gyara ya zama ɓarna. Gidauniyar The Film Foundation da Scorsese ya kafa a 1990 tana cikin masu ɗaukar nauyin irin wannan aiki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fim ɗin da aka ɗauka tun kafin a haife ni yakan fi na shekarun baya-bayan nan amfana da hoto mai inganci, saboda zaren fim yana riƙe da bayanin da babu wata talabijin ta zamaninsa da ta iya nunawa. Gaskiya ne wani lokaci yakan tona asiri, a ga bakin gashin kanti a goshin jarumi, ko a gane cewa dutsen da ke nesa zane ne a kan ƙyalle. Ni wannan ba ya rage mini komai, hasali ma yana tuna mini cewa hannun mutane ne ya yi aikin.

Da faifan Ultra HD Blu-ray ya fito a 2016 da ɗigo 3840 da 2160, ninki huɗu na wanda ya gabace shi, na shiga da ɗoki, amma abin da na tarar ya bambanta da abin da na zata. Idon mutum yana da iyaka. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a zauna nisan tsayin allo sau uku don a ci moriyar 1080, sau ɗaya da rabi kuma don a ci moriyar 2160. Allo mai inci 55 tsayinsa kusan santimita 68 ne, ke nan mita biyu ga na farko, mita ɗaya ga na biyu, ni kuwa kujerata ta kusa mita uku daga allo. Ƙari a kan haka, finafinai da yawa na zamanin kwamfuta an kammala su ne a faɗin ɗigo 2048, daga baya aka buɗa su zuwa 4K, wato girman hoton Ultra HD. Saboda haka yawan ɗigo bai sauya mini kallo sosai ba, sai da na jawo kujerar gaba.

Abin da ya sauya shi da gaske shi ne HDR, wato faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske a hoto. Tsohon tsari yana raba kowane launi zuwa matakai 256 kuma an gina shi a kan haske na nit 100 (nit ma'aunin ƙarfin hasken allo ne), sabon kuwa matakai 1024 ne, kuma ana gyara finafinai a kan nit 1000 ko fiye. Na fahimci ma'anar wannan a wani wuri da wata mata take tafiya da fitilar ƙwai a cikin dare. A Blu-ray fitilar farin dunƙule ce kawai. A sabon faifan ina ganin harshen wutar da siffarsa, ina ganin lagwani, ina ganin baƙin hayaƙin da ya taru a saman ƙwan, kuma a lokaci guda rabin fuskarta da ke cikin inuwa bai nutse ba. Irin allon ma yana da tasiri a nan. Allon LCD fitila ce a bayansa, don haka baƙinsa yakan zama toka-toka a ɗaki mai duhu, har baƙaƙen layukan sama da ƙasa su riƙa haske, amma a OLED kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, ta yadda idan aka kashe fitilar ɗaki ba a gane inda allo ya ƙare da inda dare ya fara. Sai dai duk wannan ba ya tasiri idan taga tana buɗe tana hasko allo, kuma labule mai kauri da na rataya ya ƙara mini abin da wasu na'urori ba su ƙara ba.

Yawancin kallona a yau ta intanet ne, kuma ba zan raina shi ba, domin ya kawo mini finafinai daga ƙasashen da ban taɓa zaton zan ga aikinsu ba. Amma kalmar 4K da ke rubuce a kusurwa ba ta faɗin yawan matsewar da aka yi wa hoton. Netflix yana ba da shawarar intanet mai gudun megabit 15 a sakan don kallon 4K, alhali faifan Blu-ray na 1080 yana iya ba hoto kaɗai har megabit 40, na Ultra HD kuma yakan kai 100 a wuraren da suka buƙata. Dabarun matse bayanai sun ci gaba ƙwarai, shi ya sa a wuri mai haske da nutsuwa da wuya a ga bambanci. Inda asiri ke tonuwa shi ne sararin sama bayan faɗuwar rana, wanda maimakon ya narke daga ja zuwa baƙi sai ya fito zobe-zobe, da kuma hayaƙi da ruwan sama da ɓarɓashin fim, waɗanda sukan farfashe su zama 'yan murabba'ai. Sannan fim ɗin da ke nan yau yana iya ɓacewa gobe idan yarjejeniya ta ƙare. Wannan ne ya sa nake ajiye faifan duk fim ɗin da na san zan koma masa, ko da yake ina ganin hanyar tana ƙuntata, tun da kamfanin Oppo ya daina ƙera na'urorin karanta faifai a 2018, Samsung ma ya daina fitar da sababbi a kasuwar Amurka a 2019.

Sauti na bari daga ƙarshe, kuma da na sani da shi na fara. Talabijin ta zamani siririya ce, babu wurin da lasifika mai kyau za ta zauna a cikinta, shi ya sa ake ƙara murya don a ji magana, sai ƙarar fashewa ta zo ta firgita gida. A tsarin sauti na 5.1, mai lasifika shida, yawancin magana ta lasifikar tsakiya take fita, kuma da na samu tawa na ɗan ɗaga ta sama da sauran, sai na daina riƙe rimot a hannu ina kallo. A wurin nan na dattijuwa da ɗanta, a nan ne na fara jin ƙarar katakon ƙofa daga hannun dama, daidai lokacin da mijin ya jingina da ita.

Yayana ne ya kawo kaset ɗin fim ɗin gida tun muna yara, kuma shi ma ya haddace shi kamar yadda na haddace. Da ya kawo mini ziyara kwanakin baya, na ja labule, na kashe fitila, na saka faifan ban gaya masa komai ba, na tsallaka kai tsaye zuwa wurin. Yana bin maganar dattijuwar da baki yana murmushi, idonsa a kanta kamar yadda kaset ya koya mana. Na ce, "Yaya, dubi bakin ƙofa." Ya juya ido, murmushin ya tsaya, ya yi shiru har matar ta gama maganarta. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Dama wannan bawan Allah yana nan duk shekarun nan?" Na ce masa yana nan, kaset ne ya yanke shi. Ya tashi ya jawo kujerarsa kusa da allo, ya gyara zama, ya ce in mayar da fim ɗin tun daga farko.